A Buɗe Injin Kafin a Yanke Masa Hukunci

A ƙarshen shekarar 2014 aka gano wasu tsofaffin motoci kusan 60 a wani gidan gona da ke yammacin Faransa, yawancinsu a ƙarƙashin rumfunan kwano, tsatsa da ciyawa sun cinye su. Wani mai kamfanin sufuri, Roger Baillon, shi ne ya tara su da burin buɗe gidan tarihi, sai kasuwa ta juya masa baya, motocin suka kwashe shekaru da dama ba mai waiwayarsu. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California ta 1961, wadda ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa hawa, an same ta jibge da tsofaffin mujallu a kanta. Da aka kai ta gwanjo a Paris a watan Fabrairun 2015, an saye ta sama da Yuro miliyan 16, da ƙurarta da komai.

Wanda ya sayi irin wannan mota ba zai taɓa tunanin cire mata inji ba. Amma yawancin motocin gudu da ake jawowa daga gareji bayan dogon barci ba Ferrari ba ne. Jaguar ne, da Datsun, da MG, da Triumph, na masu matsakaicin ƙarfi, kuma a kansu ne gardama take: a sauke injin asali a yi masa aiki, ko a jefar da shi a dasa wani? A Amurka yayin da ake yi shi ne a sa injin V8 na Chevrolet, musamman jerin LS da ya fara fitowa a Corvette a 1997, wanda ake iya saya sabo fil a cikin akwati. A Ingila da sauran Turai kuma, yayin mai da tsofaffin motoci masu lantarki ne ya kunno kai. Ra'ayina shi ne gyaran injin asali ya kamata ya zama abin da ake fara nufa, dashe kuma sai idan an buɗe an tabbatar babu makawa. Abin da ya fi damuna a wannan yayi shi ne yadda ake yanke wa inji hukunci tun ba a kwance masa noti ɗaya ba.

Injin da ya daɗe a ajiye ba tsufa ne ke damunsa ba, zama ne. Duk inda inji ya tsaya, akwai bawul ɗin da ya rage a buɗe, ta nan iska mai laima ke shiga silinda, tsatsa ta kama bango, ring ya manne. Fetur ɗin da ke tanki da kafireta yakan bushe ya koma wani ƙaro mai ɗanko da ke toshe ƙananan ƙofofin mai. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da tsami da ke cin metal a hankali. Robobi su ƙeƙashe, ruwan lagireto ya koma laka, ɓeraye su yi sheƙa a salansa su ci wayoyi. Duk wannan abin tsoro ne a ido, amma mafi yawansa a sama yake. Ƙarfen bulok da karanshaf ba sa ruɓewa don an ajiye su shekara 30.

Ɓarnar gaske sau da yawa a ranar farko ake yin ta. Mutum ya sayo mota, zumuɗi ya ɗebe shi, ya ɗaura sabon batir ya murɗa makulli. Fistin ya ja busasshen ring a kan tsatsa, ring ya karye ya yi wa silinda zane, ko bawul da ya maƙale ya haɗu da kan fistin ya lanƙwashe. Sai a ce injin ya buga, a kama neman wani. Sauri ya haifi nawa. Ƙwararren makanike ba haka yake yi ba. Zai cire fulogi duka, ya ɗiga mai a kowane silinda, ya bar shi ya jiƙa kwanaki. Zai zura 'yar kyamara ta ramin fulogi ya duba bango. Zai sauke kaskon baƙin mai ya murza abin da ya kwanta a ƙasa tsakanin yatsunsa, yana neman ƙyallin garin ƙarfe. Sannan ya sa sifana a gaban karanshaf ya juya da hannu, kaɗan gaba, kaɗan baya, yana sauraro. Idan ya juya, sai a auna ƙarfin matsin kowane silinda. Sai bayan wannan ne mutum yake da bakin cewa a gyara ko a canza.

A ɗauki Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a bajekolin motoci na Geneva a 1961. Injinta mai silinda 6 a jere, wanda ake kira XK, ya fara aiki tun 1948 a motar XK120, kuma an ci gaba da ƙera shi har 1992. Bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, top silinda na alminiyam, da kafireta 3 a gefe. Inda yake ba da wahala sananne ne: idan ya daɗe a ajiye, alminiyam da dogayen kusoshin ƙarfe da suka ratsa shi sukan ci juna su manne, har cire top silinda kaɗai ya zama aikin kwanaki. Amma da zarar ya fita, sauran aikin a bayyane yake. A faɗaɗa silinda kaɗan a sa fistin mai girma daidai da shi, idan ramin ya yi yawa a dasa masa hannun riga na ƙarfe. A goge karanshaf a sa metal mai kauri. A gyara mazaunin bawul, a sa sabuwar sarƙar tayimin da famfon mai da gaskit. Kayan duk ana ƙera su har yau, saboda injin ya yi shekaru sama da 40 a kasuwa. Haka ma Datsun 240Z ta 1969 da injinta na L24 mai lita 2.4: inji ne mai taurin rai da aka san ciki da bayansa. Waɗanda suka ƙera waɗannan injuna sun bar musu nama a jiki da gangan, domin a sake gyara su sau biyu ko uku.

Masu son dashe suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce ai dashen inji tsohuwar al'ada ce: a 1962 Carroll Shelby ya ɗauki ƙaramar motar Ingila, AC Ace, ya cusa mata V8 na Ford, aka sami Cobra, wadda yau ake gogayya a kanta a wurin gwanjo. Za su ce sabon inji yana tashi bugu ɗaya da sanyin safiya, ba ya ɗigar da mai, ya fi ƙarfi, kuma kayansa na nan a kowane shago. Za su ce mota don hawa aka yi ta, ba don kallo ba, kuma mai kaya shi ke da iko da kayansa. Duk na yarda. Sai dai Shelby sabuwar mota ya ƙera tare da kamfanin da ya yi ta, aka ƙarfafa mata abin da ke buƙatar ƙarfafawa. Bai je ya yanka wata tsohuwar da ta rage 'yan kaɗan a duniya ba.

Maganar araha kuwa ita ce ta fi yaudarar mutane. Kuɗin injin ne kawai ake gani a farko. Bayan ya iso sai a tarar mazauninsa bai yi daidai ba, sai an yanka an yi walda. Giyar asali ba za ta ɗauki ƙarfinsa ba, sai wata. Farfela sai an rage ko an ƙara. Lagireto ya yi kaɗan, salansa ba ta da hanya, wayoyi da kwamfutar injin sai an saƙa su daga farko, burki kuma na motar da ba ta kai wannan gudun ba ne. Kafin a gama, an kashe abin da ya isa gyaran injin asali, ko fiye. A ƙarshe kuma an sami motar da babu littafin da ya yi bayaninta. Duk wanda zai gyara ta nan gaba sai ya fara lalubo abin da mai dashen ya yi nufi.

Akwai kuma darajar kasuwa. Kamfanoni suna buga lamba a jikin kowane inji, kuma suna da kundin da ya nuna wane inji aka sa wa wace mota. Gidauniyar tarihin Jaguar tana ba da takardar shaida a kan haka, Ferrari ma ta buɗe sashen tantance tsofaffin motocinta a 2006. Mai saye yakan zo da fitila ya duƙa ya karanta lambar ya gwada da takarda. Idan sun dace, farashi ya ɗaga. Idan ba su dace ba, sai ciniki ya sauka, kome kyan fentin.

Yayin lantarki ya sami tallar da babu irinta a watan Mayun 2018, lokacin da Yarima Harry ya tuƙa amaryarsa Meghan daga fadar Windsor a cikin E-Type mai batir. Abin lura shi ne Jaguar da kansa ya tsara wannan dashe yadda za a iya cire shi a mayar da injin XK mazauninsa, ba tare da an yanka jikin motar ba. A 2019 ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta fito ta ce motar da aka mai da mai lantarki ba ta cikin abin da take kira motar tarihi. Ina ganin sun yi gaskiya. Abin da ya sa E-Type take E-Type ba dogon hancinta kaɗai ba ne. Har da ƙarar kafireta uku suna shan iska, da nauyin giya a hannu, da sanin lokacin da za ka taka da lokacin da za ka ɗaga ƙafa. Wanda yake son mota mai shiru da sauƙi, kasuwa cike take da su.

Mu nan mun san wannan gardama ta wata fuska. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, idan inji ya fara hayaƙi, shawarar farko ita ce a sayo tsohon inji na Baljiyam a ɗora. Ga ɗan tasi da ke neman na cefane, wannan hankali ne: yau a sauke, gobe ya koma lodi. Amma wannan sauƙi ya ci mana wani abu. A zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, daga 1975, zuba ring da goge karanshaf aikin yau da kullum ne, kuma yaron gareji yakan tashi ya san awo. Yau da yawa sun iya saukewa da ɗorawa, amma buɗe inji a auna a mayar ya zama aikin tsirarun dattawa. Abin da ke faruwa ke nan a Turai da Amurka ma: duk injin da aka jefar, wani mai injin goge ƙarfe ya rasa aiki, wani yaro ya rasa darasi. Ranar da masu wannan sana'a suka ƙare, zaɓin gyara ya ƙare ga kowa, har da masu Ferrari.

Ban ce kada a taɓa dashe ba. Idan ruwa ya daskare a cikin bulok ya tsaga shi, ko sandar fistin ta ɓalle ta huda gefe, ko kuma an sami motar ba inji tun farko, sai a nemi wani. Ko a nan ma, a fara neman irinsa na zamaninsa. Idan mai mota ya dage sai na zamani, haƙƙinsa ne, amma da sharaɗi biyu: kada a yanka abin da ba za a iya mayarwa ba, kuma kada a kai tsohon injin wurin 'yan gwangwan. A zuba masa mai, a toshe ƙofofinsa, a ajiye shi a busasshen wuri, ranar da za a sayar da motar ya bi ta. Motar da ta kai shekara 50 ta riga ta wuce hannun masu ita da dama, kuma za ta wuce naka. Mai zuwa bayanka ya cancanci ya tarar da zaɓin da kai ka tarar.