3.4 Sharhi a Kan Rabe-Raben Babbar Manhajar Kwamfuta

Babbar manhaja ita ce manhajar da take tsakanin na'ura da sauran manhajoji, tana raba musu wurin ajiya da lokacin aiki. Littattafan koyarwa sukan kasa ta zuwa mai ɗaukar mutum ɗaya, da mai ɗaukar mutane da yawa, da mai aiki ɗaya, da mai ayyuka da yawa a lokaci guda, da kuma ta wayar hannu. A nan za a duba ingancin wannan rabo.

Rauni na farko shi ne an cuɗanya ma'aunai uku a jeri guda, wato yawan masu amfani, da yawan ayyuka, da nau'in na'ura. Saboda haka manhaja guda takan faɗa rukuni biyu ko uku. Misali, Unix wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969 tana ɗaukar mutane da yawa, tana kuma yin ayyuka da yawa. Rabon da bai ware abu daga ɗan'uwansa ba kuwa, jeri ne kawai.

Na biyu, zamani ya wuce wasu rukunan. MS-DOS ta 1981 ta dace da rukunin mai aiki ɗaya, amma Windows da macOS da Android na yau duk suna gudanar da ayyuka da yawa, wato rukuni guda ya kusan haɗiye kowa.

Na uku, nau'in na'ura ba ya nuna asalin manhaja. Cibiyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ita ce a cikin Android ta 2008. A Nuwamban 2017 kuma, dukkan kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya da Linux suke aiki.

Idan aka yi la'akari da wannan, rabo bisa dangantaka ya fi dacewa, kamar yadda masana harshe suke kasa harsuna dangi-dangi. Da haka za a sami dangin Unix, wanda macOS da iOS suke ciki ta hanyar BSD, da dangin Windows NT wanda ya faro a 1993. Sai dai wannan ma yana da nasa rauni, domin Linux ta kwaikwayi tsarin Unix ne, ba ta gaji rubutunta ba. Kama da wane ba ta wane.

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa wajibi ne mai ƙirƙirar kalmomin kwamfuta da Hausa ya fara tsayar da ma'auni ɗaya. Idan aka fassara tsohon jerin yadda yake, ɗalibi zai haddace sunaye biyar, amma ya kasa faɗar rukunin da wayar hannunsa take.