Jaririn Wa Za Mu Yi wa Baftisma? Nazarin Ƙa'idodin Limamin Asibiti a Ma'aunin Jega, Aliero da Maiyama

Gabatarwa

Duk wanda bishop ya ɗora wa shugabancin aikin ruhaniya a asibitin Katolika, abu na farko da zai nema shi ne rubutacciyar ƙa'idar da zai bi. Ɗaya daga cikin takardun da suka fi sauƙin samu a intanet ita ce ta taron bishop-bishop na Amurka, mai suna Ethical and Religious Directives for Catholic Health Care Services. Bugunta na shida ya fito a 2018, da ƙa'idodi 77 a kashi shida. Kashi na biyu, daga ƙa'ida ta 10 zuwa ta 22, shi ne ya shafi limamin asibiti da abokan aikinsa.

Wannan takarda ba doka ba ce a kanmu a Nijeriya. Amma tana da tsari mai kyau, don haka mutum yana iya kwafe ta ya liƙa a bangon ofis bai tambayi ko ta dace da wurinsa ba. A wannan darasi za mu auna ta da ma'aunin ƙasar Gwandu, wato Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, cikin Dayosis ɗin Sakkwato. Ra'ayinmu shi ne: an rubuta ta ne domin asibitin da majinyacinsa yakan zama Kirista, kuma akwai ƙa'ida ɗaya a cikinta da za ta iya jawo mana ɓarna mai girma idan muka ɗauke ta yadda take.

Abin da takardar ta yi daidai

Kafin mu soki abu, ya kamata mu faɗi alherinsa. Ƙa'ida ta 10 ta nuna cewa kulawar ruhaniya haƙƙin kowane majinyaci ne, kuma duk mai wannan aiki, ko fada ne, ko sista, ko ɗan ikilisiya, sai an horar da shi. Wannan gyara ne a gare mu, domin sau da yawa mukan ɗauka cewa wanda ya iya wa'azi ya iya zama a bakin gadon marar lafiya. Ƙa'ida ta 11 ta ce a yi aiki tare da shugabannin addini na gari, a kuma haɗa kowane majinyaci da wanda zai kula da shi bisa addininsa. Ƙa'ida ta 14 ta buɗe wa 'yan ikilisiya da aka shirya ƙofar kai wa marasa lafiya Jibi Mai Tsarki. A dayosis mai faɗin ƙasa da ƙarancin firistoci, wannan taimako ne na gaske.

Su wane ne marasa lafiyanmu?

Yanzu mu duba wurin. A babban asibitin Maiyama, ƙungiyar likitoci ta MSF tana kwantar da yara masu tamowa tun 2022. Kusa da kowane gado akwai uwa ko kaka, kuma mafi yawansu Musulmi ne daga ƙauyuka. A watan Maris na 2025, gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne ya kashe su, akasarinsu a Gwandu, Jega da Aliero, kuma cutar ta taɓa har ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero. Aliero ta kuma yi suna wajen ɗori. Masu karaya suna zuwa daga nesa su yi makonni a hannun masu ɗori. A Jega akwai kwalejin koyon aikin lafiya ta jiha.

Abu biyu ya fito fili. Na ɗaya, majinyacin da za mu tarar Musulmi ne, sai ɗaiɗaikun Kirista: ɗalibi, ɗan kasuwa, ɗan bautar ƙasa, ma'aikaci da iyalinsa. Na biyu, gadon da yake kwance a kai sau da yawa na gwamnati ne ko na mai ɗori, mu kuwa baƙi ne a wurin. Wakilan Ikilisiya na kullum a waɗannan ɗakuna su ne nas da ungozoma Kirista masu zuwa sujada ranar Lahadi. Abin da muka koya musu shi za su aikata da tsakar dare, lokacin da babu fada a kusa.

Gazawa ta farko: Musulmi yana gefen takarda

Cikin ƙa'idodi 13 na wannan kashi, tara (daga ta 12 zuwa ta 20) maganar sakramenti suke yi: ikirari, Jibi Mai Tsarki, shafewar marasa lafiya, baftisma, tabbatarwa. Wanda ba Kirista ba bai samu fiye da 'yan kalmomi ba. Ƙa'ida ta 22 ta bar wa dayosis ta tsara yadda za a ɗauki wanda ba Katolika ba cikin ma'aikatan ruhaniya, ta kuma ce shugabansu ya zama Katolika sai dai in bishop ya yarda da wani. Ba mu ja da wannan ba. Amma a nan, abin da takardar ta ɗauka a matsayin togaciya shi ne aikin yau da kullum.

Shugaban da zai yi aiki a Jega yana bukatar ya san abin da takardar ba ta koya masa ba. Musulmi mai gargara yana so a laƙƙana masa kalmar shahada, kuma Musulmi ne zai yi hakan. Iyalinsa za su so a fuskantar da shi alƙibla. Marar lafiyar da ba ya iya taɓa ruwa zai nemi abin taimama. In rai ya yi halinsa, ba a son jinkirin wanka da likkafani da jana'iza, don haka riƙe gawa saboda takarda ko bashi ciwo ne a kan ciwo. Namiji kuma ba ya faɗa wa ɗakin mata sai da sallama da izini. Idan limamin asibiti ba shi da lambar wayar liman ko malamin unguwa da zai kira da dare, ƙa'ida ta 11 ta zama rubutu kawai.

Gazawa ta biyu: ƙa'ida ta 17

Ga inda haɗarin yake. Ƙa'ida ta 17 ta ce jaririn da ke bakin mutuwa a yi masa baftisma in da hali, kuma in babu fada ko dikin, kowa yana iya yi. Ba ta ambaci yardar iyaye ba. A bayanta kuma akwai Dokar Ikilisiya ta 1983, wadda a doka ta 868, sashe na 2, ta halatta baftismar jaririn da ke bakin mutuwa ko iyayensa ba Katolika ba ne, ko da ba su so ba.

Mu kawo wannan ɗakin yara masu tamowa. Ga nas mai tsoron Allah, ga yaron da numfashinsa ke ɗaukewa, uwar ta fita kiran miji. Ɗigon ruwa uku da kalmomi kaɗan sun isa. Nas ta yi da zuciya ɗaya. To, sai me? Ƙa'ida ta 19 ta ce a rubuta kowace baftisma a littafin faris. In an rubuta, asiri zai tonu wata rana. In ba a rubuta ba, mun koya wa ma'aikaciyarmu yin aikin Allah a ɓoye kamar sata. In yaron ya rayu, zai tashi Musulmi a gidan ubansa, babu mai renonsa cikin bangaskiyar da aka sa shi a ciki.

Tarihi ya riga ya gargaɗe mu. A 1858, a birnin Bolonya na Italiya, hukumomin ƙasar Paparoma sun ɗauke Edgardo Mortara, yaro Bayahude ɗan shekara shida, daga hannun iyayensa, saboda wata mai aikin gida ta ce ta yi masa baftisma a ɓoye yana jariri marar lafiya. Har yau ana tuna wa Ikilisiya wannan. A nan gida kuma, lokacin da mishan SIM ta karɓi asibitocin kutare na Amanawa, Yadakunya da Babbar Ruga a shekarun 1930, wa'azi ga yara na cikin abubuwan da hukuma ta gindaya wa sharaɗi, domin zargin cewa magani ƙugiya ce ya daɗe. Mun kuma ga abin da jita-jita ta yi a 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Labari ɗaya na baftismar ɓoye ya isa ya sa iyaye mata su ƙi kawo 'ya'yansu asibiti, ya jefa kowace nas Kirista cikin zargi, har da haɗarin rai. Yaran da za su mutu a gida saboda tsoronmu, wa zai ɗauki alhakinsu?

Ga masu cewa ceton rai ya fi kome

Wani ɗan'uwa zai ce: ashe Ubangiji bai umarce mu da yin baftisma ba (Matiyu 28:19)? Bai ɗaura shiga Mulki ga haihuwa ta ruwa da Ruhu ba (Yohanna 3:5)? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikin koyarwar Ikilisiya kanta.

Toma Akwinas, ɗan ƙungiyar Dominikan, ya koyar cewa bai kamata a yi wa 'ya'yan waɗanda ba Kirista ba baftisma ba tare da yardar iyayensu ba, domin Allah ne ya danƙa yaro a hannun iyayensa, kuma ƙwace wannan haƙƙi rashin adalci ne. 'Yan ƙungiyarsa ne aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, sistocinsu kuma suka iso Gusau a 1956 suka kama aikin jinya. Taron Batikan na Biyu, a takardarsa ta 'yancin addini ta 1965, ya tabbatar wa iyaye haƙƙin tsara tarbiyyar addinin 'ya'yansu. Katikisma, a lamba ta 1261, ta miƙa yaran da suka mutu ba baftisma ga jinƙan Allah, kuma a 2007 Hukumar Tauhidi ta Duniya ta nuna cewa akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya ga cetonsu. Ikilisiya ce aka ɗaure da sakramenti. Hannun Allah ba a ɗaure yake ba.

Ba mu da ikon soke doka ta 868. Amma halatta abu daban, wajabta shi daban, kuma bishop yana da ikon yi wa ma'aikatansa jagora bisa halin ƙasarsa. Basamariyen nan na Luka 10 ya ɗaure raunuka, ya biya kuɗin masauki, ya tafi. Bai yi amfani da suman mutumin ya yi masa abin da bai nema ba.

Gazawa ta uku: takardar ta tsaya a bakin ƙofa

Takardar tana tunanin asibitin da ke ciyar da majinyaci ya kuma wanke shi. A wurinmu mai jinya ne ke dafa abinci, ya sayo magani, ya nemo mai ba da jini, ya kwana a tabarma a baranda. Sau da yawa shi ne ya fi bukatar wanda zai saurare shi. Kuma Kiristan da ya karye yana kwance a gidan ɗori a Aliero ba ya cikin lissafin kowane asibiti. Tun da doka ta 1003 ta keɓe shafewa ga firist kaɗai, dole katikis da zumuntar mata su zama idon fada, su sanar da shi da wuri. Yaƙub 5:14 ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya, amma baƙo marar kowa ba shi da ɗan aike. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Abin da shugaba zai rubuta

Muna ba da shawara duk mai wannan aiki ya kai wa bishop ƙa'idodi huɗu domin ya sa hannu:

1. Ba za a yi wa jariri baftisma ba sai da yardar uba ko uwa, a fili, gaban shaida. A koya wa kowace nas da ungozoma wannan tare da dalilinsa.
2. Ba za a yi wa Musulmi addu'a a bayyane ko a ɗora masa hannu ba sai ya nema ko ya yarda. Gaisuwar dubiya da taimako kuwa na kowa ne.
3. A ajiye sunayen limamai da malamai mata da za a kira, a kuma kai musu gaisuwa tun kafin ranar bukata.
4. Babban da ya nemi baftisma da bakinsa, yana cikin hankalinsa, a saurare shi a kai maganar ga fada. Kada magani ko sassaucin kuɗi su taɓa rataya a kan wannan.

Da haka uwa a Maiyama za ta iya barin ɗanta a hannun nas Kirista ta fita alwala hankalinta kwance.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ake koya wa ma'aikatan lafiya a faris ɗinku game da baftismar gaggawa? Wa ya koya musu?
2. In nas ta zo ta faɗa maka cewa ta riga ta yi wa jaririn Musulmi baftisma a ɓoye, me za ka ce mata, kuma wa za ka sanar?
3. Wane liman ne a garinku za ka iya kira da ƙarfe biyu na dare? In babu, me za ka yi a wannan mako?