Wa Ake Yi Wa Dariya A Majigi?

Dattawan Talata Mafara da Bakura da Maradun ba su manta zamanin majigi ba, sa'ad da motar Gwamnati takan zaga garuruwan Lardin Sakkwato, a kafa farin ƙyalle a dandali bayan sallar isha'i. Wani Baturen kiwon lafiya mai suna William Sellers shi ne uban wannan aiki, shi aka ba shugabancin ma'aikatar yin majigi ta ƙasashen da Ingila ke mulki, wadda aka kafa cikin 1939. Dabararsa guda ce, watau a nuna mutum biyu, mai hankali da wawa. Mai hankali ya bi maganar malamin tsabta ko malamin gona, ya wadata. Wawa ya ƙi, ya sha wuya, jama'a su yi ta dariya.

Ba a musun amfanin wannan, domin mutane da yawa a nan suka fara sanin hikimar tace ruwa da yin lamba. Amma akwai aibi. Kullum wawan nan baƙauye ne. Ba a taɓa nuna ma'aikaci ya yi kuskure manomi ya gyara masa ba. Ashe kuwa dariyar gefe guda take faɗuwa.

In aka duba abin da mutanen Cekoslobakiya, wata ƙasa da ke tsakiyar Turai a da, suka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aibin ya ƙara fitowa fili. Su ma silimarsu a hannun Gwamnati take tun 1945, Kwaminisanci kuma ya kafu a can cikin 1948. Cikin 1952 suka fid da wasan mai gashin burodi da sarki. Gwanin ban dariya Jan Werich shi ya fito a matsayin su biyun, domin a labarin sun yi kama ƙwarai. Sarki ya shagala da 'yan tsibbu, fadawa suna wawure baitulmali. Da mai burodi ya sami kansa a kan gadon sarauta, sai ya tona asirinsu, ya sa dodon yumɓun da suke takara a kansa ya riƙa hura wutar gasa wa talakawa burodi. Wasan ya yi armashi, amma bai ɗauki kasada ba, don sarkin nan Rudolf ya rasu tun 1612, masu mulki kuwa ba su ƙi a ci zarafin sarakunan da ba. Dukan mushe ba jaruntaka ba ne.

Wanda ya taɓa masu rai shi ne Milos Forman, cikin wasansa na bikin 'yan kwana-kwana, 1967. Manyan 'yan kwana-kwana na wani ɗan gari suka shirya biki don girmama tsohon shugabansu. Kayan da aka tara don rabawa da ƙuri'a suka yi ta ɓacewa ɗaya ɗaya. Gidan wani tsoho ya kama wuta, suka kasa kashewa, sai aka matsar masa da kujera kusa da gobarar don kada sanyi ya kama shi. A ƙarshe aka miƙa wa shugaban akwatin kyautarsa, ya buɗe ya tarar babu kome. Ba a ambaci Gwamnati ko sau ɗaya ba, amma kowa ya gane. Bayan sojan Rasha da na abokanta sun shiga ƙasar cikin Agusta 1968, aka hana nuna shi, Forman ya koma Amurka.

Wannan irin dariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Gizo yakan yi wa Zaki wayo a tatsuniya, 'yan kama sukan kwaikwayi malamai, a wasan gauta kuwa matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa. Amfaninta shi ne babba ya ji abin da ba a iya faɗa masa gaba da gaba.

Abin da ke faruwa in aka ɗauki manomi wawa, mutanen ƙasar nan sun gani da idonsu. An gama dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ruwa ya cinye gonaki wajen Maradun, fadamun da ke ƙasa da dam suka rasa ambaliyar da suka saba noma da ita. Manoma suka nemi diyya, ba a saurare su yadda ya kamata ba, har cikin Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. Ba majigi ya jawo wannan ba, amma tunanin guda ne, cewa sani yana ofis, jahilci yana gona.

Saboda haka wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara, in ya zauna kallon wasan ban dariya, kada ya tsaya ga dariya kaɗai. Ya tambayi kansa, wa ake yi wa ita, wa kuma aka tsame?