Sana'ar Masu Rabo da Makomar Fasaha: Sharhi a kan Majalisar Fasaha ta Biritaniya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ba da kyauta, ko na zaɓen littattafan makaranta, ya san cewa tun kafin a buɗe fayil na farko an riga an yanke rabin hukunci, domin kuwa kowane ɗan kwamiti yakan zo ne da mudun da ya saba awo da shi a wurin aikinsa. Malamin makaranta zai tambaya ko abin zai karantu a aji, ma'aji kuwa zai tambaya ko zai mayar da kuɗinsa. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wannan al'amari ta hanyar misali guda wanda tarihinsa yake a rubuce, watau Majalisar Fasaha ta Biritaniya, wadda aka kafa a 1946, aka kuma raba ta gida uku a 1994. Abin da ake nufi da fasaha a nan shi ne kiɗa da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo da zane da sassaƙa da adabi. An zaɓi wannan majalisa ne saboda fasalinta ya bazu a duniya. Alal misali, Kanada ta kafa tata a 1957, Nijeriya kuma ta kafa majalisarta ta fasaha da al'adu a 1975.

2.0 Tsarin Majalisar

Ƙa'idar da aka gina majalisar a kanta ita ce gwamnati ta ba da kuɗi, sannan ta janye hannunta, ta bar wa 'yan majalisa su raba. Hikimar haka ita ce kada ɗan siyasa ya sami damar toshe bakin marubuci ko ɗan wasa ta hanyar hana shi abinci. 'Yan majalisar ba su wuce goma sha shida ba a farko, daga baya aka mai da su ashirin a 1967. Minista ne yake naɗa su, ba a biyansu albashi, kuma an ce kowannensu yana zaune ne a matsayin kansa, ba ya wakiltar wata ƙungiya ko wata sana'a.

A takarda wannan tsari ya yi kyau. Sai dai kuma akwai tambaya biyu da bai amsa ba. Ta farko, daga wace unguwa minista zai riƙa zaɓo mutanen? Ta biyu, wane ne yake da sukunin barin aikinsa ya tafi Landan taro a kai a kai ba tare da an biya shi ko kwabo ba? Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin jerin shugabannin da majalisar ta yi.

3.0 Daga Malaman Yaƙi da Jahilci zuwa ga Keynes

Asalin majalisar wani kwamiti ne da aka kafa a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kuɗin wata gidauniya mai suna Pilgrim, daga baya gwamnati ta sa hannu. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara tafiyar da shi mutanen ilmin manya ne da na koyarwa, saboda haka aikinsu ya ɗauko kamannin sana'arsu. Sun ɗauki makaɗa aiki suna yawo ƙauye ƙauye suna haɗa ƙungiyoyin waƙa, sun kai kiɗa masana'antu da ramukan ɓuya daga bama-bamai, sun kuma taimaki talakawan da suke shirya wasan kwaikwayo don sha'awa.

A 1942 aka naɗa John Maynard Keynes shugaba. Shi masanin tattalin arziki ne wanda ya yi fice a duniya, matarsa Lydia Lopokova gwanar rawar bale ce, kuma shi ya gina gidan wasan kwaikwayo a Kambirij a 1936. A ganinsa kuɗin hukuma bai kamata ya tafi wurin 'yan koyo ba, kamata ya yi a zuba shi inda gwanaye suke, a gina manyan gidajen wasa masu ɗorewa, kamar yadda ake zuba jari a kamfanin da aka tabbatar da ingancinsa. Nan da nan akalar ta juya. Abin lura shi ne wanda ya fi nuna rashin yarda da watsar da masu yi don sha'awa shi ne Ralph Vaughan Williams, babban mai tsara kiɗa, wanda ya yi shekaru yana bin karkarar Ingila yana tattara waƙoƙin gargajiya. Watau gwanin da ya san inda kiɗa yake tsirowa shi ya tsaya wa 'yan koyo, masanin kuɗi kuma ya tsaya wa gwanaye.

Keynes ya rasu a watan Afrilu na 1946, 'yan watanni kafin a ba majalisar takardar kafuwarta, amma ra'ayinsa shi ya zauna. Gidan wasan opera na Covent Garden, wanda shi ne shugaban amintattunsa, ya zama mai ɗaukar kaso mafi tsoka. Kafin ƙarshen 1956 an rufe dukkan ofisoshin majalisar na lardunan Ingila. Babban sakataren da aka yi wannan rufewa a hannunsa, W. E. Williams, shi kansa tsohon ma'aikacin ilmin manya ne, wanda a da yake yawo da zane-zane gari gari don talakawa su gani. Wannan ya nuna cewa kujera ma tana iya sake mutum, idan ya tarar da ma'auni ya riga ya kafu.

4.0 Lauya da Ɗan Jarida da 'Yan Kasuwa

Bayan Keynes an yi shugabanni iri iri. Kenneth Clark, wanda ya riƙe kujerar daga 1953 zuwa 1960, masanin tarihin zane ne, tsohon darektan babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa. Arnold Goodman, daga 1965 zuwa 1972, lauya ne, kuma lauyan Firayim Minista Harold Wilson. A zamaninsa, tare da ministar fasaha ta farko, Jennie Lee, kuɗin majalisar ya ninka kusan sau uku, aka gina gidajen wasa a garuruwa da dama, aka kuma cire kalmomin da suka taƙaita aikin majalisar ga fasahar manyan mutane kawai. Haƙiƙa ƙwarewar Goodman wajen sasanci da sanin ƙofofin gwamnati ta amfani fasaha ƙwarai. Amma fa wannan amfani ya zo ne ta hanyar kusanci da masu mulki, abin da ƙa'idar janye hannu ta ce ana gudu.

Duk da wannan bunƙasa, akwai jama'ar da majalisar ba ta gani ba. A 1976 Naseem Khan ta fitar da wani rahoto, wanda majalisar da kanta tana cikin waɗanda suka biya kuɗinsa, inda ta nuna irin kiɗa da rawa da wasannin da baƙi 'yan asalin Indiya da Karibiyan da Afirka suke yi a biranen Biritaniya ba tare da wani tallafi na kirki ba. Ba a ce an ƙi su da gangan ba. Abin da ya faru shi ne babu mai zuwa wurarensu a cikin masu rabo, kuma abin da ido bai gani ba, hannu ba ya miƙa masa.

Raymond Williams, shehun malamin wasan kwaikwayo a Kambirij, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, ya zauna a majalisar daga 1976 zuwa 1978, ya kuma rubuta abin da ya gani a 1979. Taƙaitaccen ra'ayinsa shi ne gwamnati ba ta bukatar ta aiko da umurni, tun da ita ce take zaɓen mutanen, kuma tana zaɓo su ne daga rukunin da ta san ba za su ba ta mamaki ba. Ba a daɗe ba aka ga misali. Richard Hoggart, masanin al'adun ma'aikata kuma mataimakin shugaban majalisar, wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen 1981, gwamnatin Margaret Thatcher ta ƙi sabunta shi.

A 1982 aka naɗa William Rees-Mogg, tsohon editan jaridar Times, sannan a 1983 aka ɗauko Luke Rittner daga wata ƙungiya mai nemo wa fasaha tallafin kamfanoni aka ba shi babban sakatare. Daga nan harshen majalisar ya sake. A 1985 ta fitar da wata takarda mai fasalin tallar hannun jari, tana kare fasaha da hujjar samar da aikin yi da jawo baƙi da kuɗin haraji. Wanda ya gaji Rees-Mogg a 1989, Peter Palumbo, attajiri ne mai harkar gine-gine. A irin wannan ma'auni adabi shi ne mai shan kashi, domin marubucin waƙa ba ya da gini, ba ya da ma'aikata, ba ya sayar da tikiti. Dama can kasonsa ɗan kaɗan ne a kan na opera da wasan kwaikwayo, a tsakiyar shekarun 1980 kuma aka ƙara rage shi.

5.0 Shin Masu Fasaha ne Maganin?

Mai karatu zai iya cewa, to, sai a cika majalisa da masu fasaha, a huta. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A 1998 aka ba Gerry Robinson, shugaban kamfanin Granada, jagorancin majalisar Ingila, ɗaya daga cikin ukun da suka gaji ta Biritaniya. Ya rage 'yan majalisa daga fiye da ashirin zuwa kimanin goma, ya kawo fitattun masu fasaha kamar masassaƙa Antony Gormley da Anish Kapoor. Amma a lokaci guda ya rage ƙarfin ƙananan kwamitocin ƙwararru masu ba da shawara, har 'yan kwamitin wasan kwaikwayo suka yi murabus. Sunaye sun ƙawata takarda, iko kuwa ya koma hannun ma'aikatan ofis.

Haka kuma a 2022, lokacin da Nicholas Serota, wanda ya shugabanci gidajen zane na Tate daga 1988 zuwa 2017, yake kan kujera, gwamnati ta umurci majalisar ta kwashe wani kaso na kuɗi daga Landan zuwa larduna. A watan Nuwamba na shekarar majalisar ta cire kamfanin opera na ƙasa daga jerin waɗanda take ba tallafin shekara shekara, wanda ya haura fam miliyan 12, ta ce ya nemi mazauni a wajen Landan. Ko an yarda da manufar ko ba a yarda ba, ƙwarewar shugaban ba ta hana umurni sauka ba.

Bugu da ƙari, mai fasaha yana da nasa son zuciyar. Yana da abokai da kishiyoyi, yana da salon da yake so da wanda ya tsana, kuma wanda ya yi suna yakan ɗauka hanyar da ya bi ita kaɗai ce hanya. Majalisa kuma tana bukatar lauya da ma'aji, domin dukiyar jama'a ce ake rabawa. Saboda haka aibin da wannan maƙala take nunawa shi ne taruwar mutane masu sana'o'i daban daban a suna, alhali makarantarsu ɗaya, garinsu ɗaya, wuraren shaƙatawarsu ɗaya. Lauya da edita da attajiri da shehun malami waɗanda duk a gidan opera guda suke haɗuwa da dare, mudu ɗaya gare su, ko da an rubuta sana'a huɗu a gaban sunayensu.

6.0 Abin da Ya Shafe Mu

Masu nazarin adabin Hausa ba baƙi ba ne ga wannan batu. Gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, jami'in ilmi ne ya shirya ta, watau R. M. East, kuma bukatarsa ita ce littattafan karatu da boko. Wannan bukata ita ta tsara tsawon littattafan da harshensu da irin mutanen da suka amsa kira, waɗanda akasarinsu sun bi ta makarantun boko. Ba mai musun alherin da gasar ta jawo. Amma ya kamata ɗalibi ya riƙa tunawa cewa tushen ƙagaggen labarin Hausa ya fito ne daga mudun malamin makaranta, kuma da wani mai wata sana'ar ne ya yi alƙalanci, da watakila wani abin daban muka gada.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin majalisa guda daga 1940 zuwa 2022, ta nuna yadda ma'anar fasahar da ta cancanci tallafi take sakewa gwargwadon sana'a da mu'amalar masu rabo. Darasin da ke ciki ga manazarci shi ne jerin sunayen 'yan hukuma matani ne da ya cancanci a karanta shi kamar yadda ake karanta littafi. Idan aka ba mutum irin wannan jeri, na hukumar al'adu ta jiha ne ko na kwamitin gasar marubuta, sai ya tambaya wa ya naɗa su, me kowannensu yake yi don cin abinci, da kuma ko akwai wanda ya taɓa riƙe kalangu ko alƙalami ko gizago a cikinsu. Sannan ya tambaya ko makaɗi ko marini ko maƙeri zai iya zama a wurin ba tare da ya yi asarar cinikin ranar ba, kuma da wane harshe ake yin taron. Amsoshin waɗannan tambayoyi za su gaya masa inda kuɗin zai tafi tun kafin a fitar da rahoton shekara.