Ranar Layya Ake Gane Tukunya

Washegarin Babbar Sallar bara, tun rana ba ta yi zafi ba, wayata ta yi ƙara. Ɗiyar yayana ce, wadda muka kai ɗakinta wata biyar kafin nan. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Gwaggo, don Allah kina da babban kasko? Naman nan ya fi ƙarfina, ga shi dangin maigidan za su zo cin abinci bayan la'asar."

Na ɗan yi jim, domin ina cikin 'yan jerenta. Da hannuna na jera saitin tukwane uku a kicin ɗin nan, ɗaya ruwan hoda, ɗaya mai zanen marmara, ɗaya mai hannun ruwan gwal. Akwai wuƙaƙe goma sha biyu a soke cikin wani ɗan katako, akwai na'urar suya da iska, akwai abin gasa burodi. Mutane sun yi ta ɗaukar hoto suna sa albarka. Amma ranar da aka ajiye mata rago guda a baho, duk kicin ɗin babu mazubin da zai ɗauki cinya biyu. Na sa yaro ya ɗora kaskona da tukunya da muciya a adaidaita sahu ya kai mata.

Ba laifin yarinyar ba ne, laifinmu ne mu da muka yi sayayyar. Shekarun nan kayan kicin ya koma abin kallo. A waya ake zaɓensa, wurin masu talla a Instagram da WhatsApp, kuma tambayar farko ita ce ko launinsa zai shiga da na kantar kicin. Ba na cewa ado baƙon abu ne a ɗakin Bahaushiya. Iyayenmu sun jera kwalla da samira da langa har suna neman taɓa rufi, kakanninmu kuma sun jera tasoshi da ƙore. Sai dai su sun raba kayan kallo da kayan aiki, kuma ba su taɓa barin na farko ya cinye kuɗin na biyu ba. Hasali ma kwallar da ke saman jere, ranar biki saukowa take yi a cika ta da tuwo. Mu kuwa mun cika kabet da abin da ba ya saukowa.

A bi aikin Layya tun daga farkonsa a gani. Abu na farko wuƙa ce. Addini da kansa ya yi umarni a wasa ta don a hutar da dabba, kuma bayan yanka da fiɗa akwai yini guda na yanyanka nama. Wuƙa ɗaya ta maƙeri mai riƙe kaifi, da dutsen wasa ta a gefe, da adda ko ɗan gatari na sara ƙashi, da kututturen da za a sara a kai, sun fi waɗancan goma sha biyun da ke lanƙwashewa idan sun haɗu da jijiya. Sai bahuna, aƙalla uku, kuma kada a haɗa su: na wankin kayan ciki daban, na ɗanyen nama daban, na soyayye daban. Yawancin ciwon cikin da ake ɗora wa "cin nama da yawa" bayan Sallah, ina zargin daga baho ɗaya da ya yi aikin uku yake fitowa.

Daga nan sai kasko, kuma a nan nake so in daɗe. Suyar naman Layya ba suyar marmari ba ce, hanyar adana nama ce. Ana soya shi ne a kitsensa har ruwan jikinsa ya ƙone, shi ya sa zai yi makonni a rufe ba tare da firiji ba, a yi ta gutsura ana sa wa yara a abinci. Wannan aiki yana son ƙarfe mai kauri da baki mai faɗi. Kaurin ne ke riƙe zafi, ta yadda idan an zuba nama mai sanyi man ba zai huce ba. Faɗin kuma shi ke ba tururi hanyar fita. Idan kasko siriri ne ko ƙarami, kina zuba nama zafin zai faɗi, naman ya saki ruwa, ki wayi gari kina dafawa alhali suya kika nufa. Irin wannan naman ne ke yin fumfuna kafin kwana huɗu, a ce wai ragon ne bai da kyau.

Kaskon da ba ya kamu, wanda amare ke kira nonistik, yana da amfaninsa. Kamfanin Tefal na Faransa ne ya yaɗa shi tun daga 1956, kuma wajen soya ƙwai ko wainar fulawa babu kamarsa. Amma shafen da ke cikinsa yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, ga shi ba ya shiri da matsamin ƙarfe. A ɗora shi a wutar itace, a yi awa biyar ana juya ƙashin haƙarƙari a ciki, to an gama da shi. Ita kuwa na'urar suya da iska, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010, kwandonta da ƙyar yake ɗaukar kilo guda, alhali Balami ko Uda mai kyau yakan haura kilo 20 bayan fiɗa. Zubi ashirin ke nan, idan an bar wuta. Tana jan wajen wat 1,500, wanda ƙaramin janareton gida ba zai ɗauka ba. A ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa, ga mutum biyu da cinyar kaza, abin yabo ce. Ranar Layya a Kano kuwa sai dai ta zauna ta yi kallo.

'Yan uwanmu na Nijar ma sun fi mu sauƙaƙa wa kansu. A Yamai da Damagaram buɗe ragon ake yi gaba ɗaya a tsire shi a sanduna, a jera kewaye da wuta a ƙofar gida, ya yini yana gasuwa kitse na ɗiga. Wuƙa, sanda, itace. Aikin ne ya zaɓi kayansa.

Tukunyar da ke ɗaukar gidan Sallah ita ce babbar tukunyar ƙarfe ta maƙera, irin wadda ake zubawa a Panteka ta Kaduna da wurare da dama a Kano, mai lamba a jiki, wadda sai mutum biyu sun kama kunnuwanta. A cikinta ake tafasa nama, a cikinta ake tuƙa tuwon shinkafa na mutum arba'in, ita ke dafa miyar taushe ba ta kama ba. Amma ba zan yabe ta in ɓoye aibinta ba. Narka tsofaffin kayan alminiyam ake yi a zuba a gurbin yashi, kuma abin da aka samu shi ake narkawa, har da sassan injin mota. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano irin waɗannan tukwane suna sakin dalma cikin abin da aka dafa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Tsami da zafi su ke ƙara fito da ita, saboda haka ni ba na dafa zoɓo ko jiƙa tsamiya a ciki, ba na barin miyar tumatir ta kwana a ciki, kuma wadda cikinta ya yi rami-rami na mayar da ita ta dafa ruwan wanka. Mai hali ya sayi babbar tukunyar kamfani ko ta baƙin ƙarfe. Su kuma hukumomin kula da ingancin kaya, ya kamata su shiga wurin maƙeran nan su gwada, su koya musu abin da ba a narkawa, maimakon a jira ranar da za a ce an hana sana'ar.

Sauran kayan ba sa bukatar dogon zance. Muciya doguwa ta icce mai ƙarfi, wadda za a kama da hannu biyu. Mara. Matsami mai dogon hannu, don mai ba ya sanin ranar Sallah ce idan zai fallatsa. Gwagwar tsane nama. Tanda, kuma in da hali biyu, domin waina ita ce abin da ke tsayar da baƙi suna jira. Turmi da taɓarya, waɗanda har gobe babu injin da ya gaje su wajen dambun nama: turmi yana warware silin naman, blanda kuwa tana mayar da shi kamar kunu.

Kada a ce Gwaggo ta tsufa ta ƙi zamani. Akwai sababbin abubuwa uku da nake ganin sun ci kuɗinsu har da riba. Na farko kula. Wadda ta taɓa kwashe tuwo da hantsi tana fargabar ya sandare kafin surukai su iso, ta san darajar babbar kula mai marfin kirki. Na biyu babban murhun gas mai kai ɗaya, gajeren nan mai ƙafafun ƙarfe da masu abincin sayarwa ke amfani da shi. Yana ɗaukar babbar tukunya, wutarsa na da ƙarfi, kuma yana raba mace da hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Duk wadda ta yini a gindin ɗanyen itace ranar Sallah, idonta jawur tana tari, ba za ta yi musun wannan ba. Sai dai a cika tukunyar gas mai kilo 12.5 tun kafin ranar Arfa, kuma a duba tiyo. Na uku tukunyar matsin tururi. Ruwan cikinta yana kaiwa wajen digiri 120 kafin ya tafasa, shi ya sa kai da ƙafa da ke cin rabin yini a murhu take narkar da su cikin awa guda ko ƙasa da haka. Blanda kuwa ta gida ce, ta kullum. Tattasai da attaruhu bokiti guda a kai wa mai injin markaɗe, kada a ƙona ta a banza.

Akwai abu ɗaya da ya shigo wanda ban yafe masa ba, wato robar tekawe. Da can yara ake ɗora wa langa a rufe da faifai su kai maƙwabta, kuma langar ba ta dawowa wayam, ko an zubo nasu abincin ko an ba ɗan aike tukuici. Dawowar kwanon nan ita ce rabin zumuncin. Yanzu sai a antaya miya mai zafi da mai a farar roba mai kumfa, a ƙulle a leda, a miƙa ta ƙofa, shi ke nan. Ga shi Layyar shekarun nan a damina take faɗowa, ta 2024 a tsakiyar Yuni, ta 2025 a farkonsa, sai ruwan farko ya kwashe robobin ya cusa a kwata. Jihar Legas ta hana amfani da irin wannan farar roba tun Janairun 2024. Mu ba sai mun jira doka ba. Kwanukan silba masu marfi guda goma za su yi shekara ashirin suna zuwa suna dawowa. Haka ma babban tire da za a zauna a kewaye shi. Jerin kwanukan nan masu 'yar wuta a ƙasa sun dace da zauren biki, a tsakar gida kuwa wuri kawai suke cinyewa.

Na san za a ce kayan nan manya ne, sau biyu ko uku ake bukatarsu a shekara, ina amarya za ta ajiye su a gidan haya mai ɗaki biyu? Gaskiya ne. Ai da ma can ba kowane gida ke da su ba. A kowace unguwa akwai tsohuwar da tukunyarta ke yawo daga gidan suna zuwa gidan biki zuwa gidan makoki, a dawo mata da ita a wanke da ɗan goro a ciki. Yanzu kowa ya ja get ya rufe, aro ya zama abin kunya, sai haya, kuma ranar Sallah kowa nema yake yi lokaci guda. Mu a gidanmu, bayan abin da ya faru bara, adashi muka yi mu shida. Muka sayi tukwane biyu, kasko biyu, murhun gas ɗaya da manyan kuloli huɗu, muka ajiye a gidan babbar yayarmu. Kuɗin bai kai na saitin nan mai hannun gwal ba.

Saboda haka iyayen amare, ku nake roƙo. Cikin saiti ukun nan a rage ɗaya, a sa kuɗin a kasko mai kauri da wuƙar kirki da babbar kula, ko da a bayan ƙofa za a jingine su inda mai ɗaukar hoto ba zai gani ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a shiga kasuwa tun watan Zulƙida, kafin farashi ya tashi. Idan kin je, ki ɗaga kaskon da hannunki ki ji nauyinsa, ki ƙwanƙwasa gindinsa, ki ɗaga shi sama ki duba ko haske na ratsowa ta wani huji, sannan ki yi ciniki.