Karatun dare na lauyoyi a fannin hukunta laifuka: tsokaci kan tsarinsa

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba karatun mastar na ɗan lokaci, wanda aka fi sani da karatun dare, inda lauyan da ke bisa aiki yake komawa aji bayan an tashi daga kotu don ya zurfafa a dokar hukunta laifuka. Amfaninsa a fili yake. Abin da muke suka shi ne a ɗauko tsarin ɗaliban rana, a rage masa sa'o'i, a miƙa shi ga mutanen da suka yi shekaru suna zirga-zirga tsakanin kotu da gidan kaso.

Mu fara da dalilin komawa aji. An kafa kundin hukunta laifuka na Nijar ranar 15 ga Yuli 1961, na hanyar shari'arsu kuma ranar 14 ga Agusta 1961. Gyaran 2003 ya shigo da laifin bauta da na kaciyar mata. A 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, aka soke ta a Nuwamba 2023. Dokar laifukan intanet ta 2019 kuwa an taɓa ta a 2022, an sake taɓa ta a 2024. Ke nan lauyan da ya fito daga jami'ar Yamai a 2000 bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a allo ba.

Amma haddace sabuwar doka bai wadatar ba, kuma shari'ar Hadijatu Mani ta nuna haka. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, aka riƙe ta a matsayin wahaya. Da ta samu ƴanci ta yi aure, sai wata kotu a Ƙonni ta yanke mata wata 6 a 2007 bisa laifin aure kan aure, alhali dokar hana bauta ta shekara 4 a rubuce. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ɗora wa ƙasa laifin rashin kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Doka tana nan; abin da ya gagara shi ne gane ta a cikin wata al'ada mai sunan gida. Darasin da ya tsaya ga marubutan Faransa ba zai koyar da wannan ba.

Batu na biyu shi ne harshe. Wanda ake tuhuma yana magana da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, ɗan sanda ko jandarma yana rubuta bayaninsa da Faransanci, kuma wannan takarda ce ke bin sa har gaban alƙali. Doka ta raba kisan da aka shirya tun da wuri, da kisa da gangan, da dukan da ya kai ga mutuwa ba da nufin kisa ba, da kisan kuskure, kowane da nasa hukunci. Idan mutum ya ce «na buge shi, kwana ya ƙare», a wane gida tafinta zai sa maganar? Haka «na ɗauka» da «na sata», haka «ganganci» da «kuskure». Ƙa'idar UEMOA ta 25 ga Satumba 2014 ta ba lauya damar tsayawa tare da mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Wato an buɗe masa ƙofar ɗakin da ake juya maganar. A ganinmu, mastar da ba ta ware darasi kan wannan juyi ba ta bar jaki tana dukan taiki.

Batu na uku shi ne wuri. Mafi yawan lauyoyi a Yamai suke zaune, manyan kotuna kuwa suna Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Ajin da ake shiga kowane dare yana ƙara ɗaure lauya a babban birni. Da a tara darussan cikin mako guda kowane wata biyu, ana kewayawa tsakanin jami'o'in jihohi, da alƙalan can da magatakardan kotu sun samu shiga.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kowane darasi ya taso daga dosiyen shari'ar da aka gama, bayan an goge sunaye. Na biyu, malaman shari'a da na ilimin harsuna su koyar tare, su tattara kalmomin kotu na harsunan ƙasa. Na uku, kundin ƙarshen karatu ya bi diddigin hukunce-hukuncen kotunan gida, tunda kaɗan ne daga cikinsu ake bugawa.

Lauyan da ya zo ajin dare ya zo da abin da malami ba ya da shi, wato ganin yadda doka ke sauka a kan mutum. Aikin sashen shari'a ne ya karɓi wannan ilimi, ya tace shi, ya mayar da shi kotu. Muna fata abokan aikinmu za su ƙara nasu nazari a kan waɗannan shawarwari.