Hawayen Monika: Jigon Dogara ga Allah Saboda 'Ya'ya a Littafin Confessiones

Gabatarwa

Hausawa kan ce ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Duk mahaifin da ya taɓa kwana ido biyu yana sauraren motsin ƙofa ya san nauyin wannan magana. A wannan ɗan sharhi za mu dubi yadda wani tsohon littafi na adabin Kirista ya tunkari al'amarin, wato Confessiones na Agustin, wanda aka rubuta da harshen Latin wajajen shekarar 397 zuwa 400 Miladiyya. Manufarmu ita ce mu gano abin da marubucin yake nufi da miƙa ɗa ga Allah, sa'an nan mu auna ko ya gamsar da mu.

Marubucin da Littafinsa

An haifi Agustin a shekarar 354 a garin Tagaste, wanda a yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce, mahaifinsa Patrisiyus kuwa sai dab da rasuwarsa ya karɓi baftisma. Littafin yana da kashi 13, kuma tun daga farkonsa har ƙarshensa da Allah marubucin yake magana, mu masu karatu tamkar 'yan laɓe ne a bakin ƙofa. Wannan salo ya shafi yadda muke ganin Monika. Ba a taɓa ba ta bakin magana ta ba da labarin kanta ba, hasali ma sau ɗaya tak aka ambaci sunanta, a ƙarshen kashi na 9. Duk abin da muka sani game da zullumin uwar, daga bakin ɗan da ya jefa ta cikinsa muka ji.

Warwarar Jigo

A ganinmu, dogarar Monika ga Allah ba abu ne da ta mallaka tun farko ba. Koyonta ta yi, kuma marubucin ya nuna mana matakan.

A kashi na 3, Agustin ya dawo daga karatu a Kartaj ya zama mabiyin aƙidar Mani, wadda ikkilisiya ke ɗauka a matsayin ɓata. Abin da uwar ta fara yi shi ne ta hana shi zama a gidanta. Mafarki ne ya sassauto da ita, inda ta ga kanta tsaye a kan wani ma'auni na katako, aka nuna mata ɗanta tsaye tare da ita. Da Agustin ya so ya murɗe fassarar, wai ita ce za ta koma wajensa, nan take ta gyara masa. Duk da wannan tabbaci, hankalinta bai kwanta ba. Ta je wurin wani bishop tana roƙon ya yi muhawara da yaron. Bishop ɗin ya ƙi, ya ce ta ƙyale shi ta ci gaba da addu'a, karatunsa ne zai nuna masa kuskurensa. Da nacinta ya ishe shi, sai ya sallame ta da cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. Bayan wannan sai da ta yi jira na kusan shekara 9. Abin lura a nan shi ne marubucin bai ɓoye cewa bangaskiya da fargaba suna zaune a zuciya ɗaya ba.

Ƙololuwar jigon tana kashi na 5. A shekarar 383 Agustin ya ƙudura tafiya Roma. Uwar ta bi shi har bakin teku, ko dai ya fasa ko kuwa su tafi tare. Sai ya yi mata ƙarya cewa rakiyar aboki ya zo, ya lallashe ta ta kwana a wata 'yar majami'a ta tunawa da Sipiriyan. Cikin dare jirgin ya tashi, tana can tana roƙon Allah ya hana tafiyar. Fassarar da Agustin ya yi wa wannan dare ita ce ginshiƙin littafin: Allah ya hana ta abin da ta roƙa a daren domin ya ba ta abin da ta daɗe tana roƙo, tun da yake a Italiya ne ɗan zai haɗu da Ambros, bishop na Milan. Bai tsaya nan ba, ya ce a cikin kukanta akwai son zuciya irin na uwaye, wato son ganin ɗa a kusa. Da haka ya raba abu biyu da iyaye kan cakuɗa, son alherin ɗa da son riƙe shi. Manazarta sun lura cewa hoton macen da aka bari tana kuka a gaɓar Kartaj yana tuna wa mai karatu Dido ta waƙar Virgil, wadda Agustin ya ce ya yi wa kuka yana ɗalibi. Bambancin shi ne Dido ta kashe kanta, Monika kuwa ta koma gida ta ci gaba da addu'a.

Mataki na ƙarshe yana kashi na 9. Agustin ya tuba a 386, Ambros ya yi masa baftisma a 387. A hanyarsu ta komawa Afirka zazzaɓi ya kama Monika a Ostiya, ta rasu tana da shekara 56. Matar da ta tanadi kabari kusa da na mijinta, sai ga shi ta ce a binne ta ko'ina, a dai riƙa tunawa da ita a wurin ibada. Wadda ta kasa sakin rigar ɗanta a bakin teku ta kai ga sakin komai.

Inda Littafin Ya Gaza

Akwai wurare biyu da muke ganin rauni. Na farko yana kashi na 6. Monika ce ta tsaya kai da fata wajen nemo wa ɗanta auren da ya dace da matsayinsa, aka samo yarinyar da sauran shekara 2 ta isa aure. Saboda haka aka mayar da matar da ya zauna da ita fiye da shekara 10 zuwa Afirka, ta bar ɗanta Adiyodatus a baya. Ita ma uwa ce, ita ma an raba ta da ɗa, amma ko sunanta ba a faɗa mana ba. Marubucin ya bayyana ciwon da ya ji, ya kuma faɗa cewa Monika ta roƙi Allah ya nuna mata wahayi kan auren ba ta samu ba, sai dai bai tuhumi rawar da ta taka ba. A nan dabara ce ta yi aiki, ba dogara ba.

Na biyu ya fi girma. Agustin ya rubuta labarin yana bishop na Hippo, kimanin shekara 10 bayan rasuwar uwar, ya riga ya san yadda aka ƙare. Saboda haka kowane hawaye ya sami ma'ana. Haɗarin shi ne mai karatu ya ɗauka addu'a ciniki ce, a biya da kuka a karɓi ɗa. To, ina makomar iyayen da nasu bai dawo ba? Domin wannan tambaya sai mu waiwayi Cry, the Beloved Country na Alan Paton, wanda ya fito a 1948. Limamin coci Stephen Kumalo ya bar ƙauyen Ndotsheni ya tafi Johannesburg neman ɗansa Absalom, ya tarar ya yi kisan kai, aka yanke masa hukuncin rataya. A daren ƙarshe tsohon ya hau dutse ya kwana yana addu'a har gari ya waye. Ba a dawo masa da ɗan ba, amma bai daina miƙa shi ga Allah ba. A ra'ayinmu nan ne aka gwada jigon gwaji na haƙiƙa.

Kammalawa

Duk da haka ba za mu rage wa Agustin daraja ba. Da ya so, da ya zana mana uwa marar aibi, amma sai ya ba mu mace mai naci, mai buri, wadda ta ɗauki shekaru tana koyon cewa ɗanta amana ne a hannunta. Muna ba ɗalibanmu shawara su karanta littattafan biyu tare. Masu sha'awar rubuta ƙagaggen labari kuma su lura cewa uwa mai addu'a ba ta zama tauraruwa mai rai sai an bar mai karatu ya ga tsoronta da kurakuranta, kamar yadda ɗan Monika ya bari muka gani.